Sharar Kafin Ƙararrawa

"Cire takalman nan tukuna, Malama," in ji Iya daga kan gado. "Tun daga ƙofar gida nake jin ƙwas-ƙwas ɗinsu a cikin kaina."

Shugabar makarantar ta tsaya a bakin ɗakin da littafi a hammata, ta dubi ƙafarta, ta dube ni. Ni dai ban taimake ta ba. Ta sunkuya ta cire su, ta ajiye kusa da bokitin wanki, ta shigo sanye da safa. Shekara goma sha ɗaya Iya tana share mata ofis, yau ga ta tana neman wurin zama a ɗakin mai shara. Kujera ɗaya ce a ɗakin, ni kuma ina kanta. Na tashi na ba ta, don kada a ce ban san girman baƙo ba.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Iya. Ni tsohuwar mai buga tafireta ce, shekara talatin ina buga maganar mutane ba tare da na sa baki ba, halin kuma ya biyo ni har gida. Ba na shiga sabgar maƙwabta. Amma tun da ciwon zuciya ya kwantar da Iya, ƙafafunta suka kumbura har silifa ya daina shiga, ni nake zama da ita da rana kafin 'yarta ta dawo daga aiki. Ba don kirki ba ne kawai. Tarinta yana ratsa bangon, gara in zauna inda zan ga mai yinsa.

"Maganar Auta ce ta kawo ni," in ji Shugaba.

Auta 'yar direban bas ce da ke zaune a saman bene, shekararta tara, tana aji uku. Magana ba ta dame ta ba, ba ta kallon idon mutum, in ka taɓa ta ba zato sai ta sandare. Lissafi kuwa, an ce har malaminsu take gyara wa. Sati uku ke nan da Iya ta daina zuwa aiki, sati ukun nan kuma kullum aka kaɗa ƙararrawa sai Auta ta shige ƙarƙashin tebur tana ihu har muryarta ta dushe. Ranar Juma'a malamin ya yi ƙoƙarin jawo ta, ta cije shi a hannu. Kwamitin makaranta zai zauna ranar Alhamis ya yanke ko za ta ci gaba da zuwa. Makarantar da ke karɓar yara irinta tana can ƙarshen gari, kuma sai an jira shekara biyu kafin a sami gurbi. Uban yana kan hanya tun safe, uwar tana masaƙa. In aka sallami Auta, ɗaki za a riƙa kulle ta a ciki.

"Shekara uku ba mu taɓa jin ihun nan ba," in ji Shugaba. "Kina kwantawa ya fara. Na duba komai, babu abin da ya canza sai ke. Iya, me kike yi mata?"

"Ni? Shara nake yi."

"Bayan shara."

"Goge-goge."

Shugaba ta buɗe littafin, ta rufe. Ta juyo gare ni. "Hajiya, an ce ke kin iya rubuta magana. In ta tuna wani abu, don Allah ki rubuta mini kafin Alhamis."

Ta bar littafin a kan akwatin Iya, ta sa takalmanta a waje, ta tafi tana takawa a hankali kamar mai tsoron tada jariri.

Washegari Litinin na zo da biro. Na san aikin: mutum ba ya faɗin abin da ya sani in ka tambaye shi kai tsaye, sai ka sa shi ya bi ranarsa daga farko.

"Kin shiga makaranta da safe. Sai me?"

"Sai in buɗe ajujuwa. In kunna fitilu."

"Duka?"

"Ban da doguwar nan ta aji uku, ta wajen taga. Tsuwwa take yi. Mu ba ma ji, Auta tana ji. Na ga tana kallonta tana toshe kunne ɗaya, sai na daina kunna ta. Kowa ya ɗauka ta mutu ne."

Na rubuta. Ta huta, ta sha ruwa da cokali, ta ce teburin Auta yana da gajeriyar ƙafa, kullum tana cusa masa nannaɗen tsumma. Ta ce ba ta wanke ajin da ruwan maganin nan mai ƙauri sai ranar Juma'a bayan an tashi. Duk wannan ta faɗe shi da muryar mai ba da haƙuri, kamar laifi take lissafawa.

Daga nan barci ya ɗauke ta da baki a buɗe. Na zauna ina kallon kayan ɗakin: akwati biyu, madubi mai tsaga, rigar aikinta shuɗiya a rataye a ƙusa, an goge ta tsaf kamar gobe za a sa.

Da yamma na haɗu da Direba a matakala, yana hawa da ƙyar, rigarsa ta jiƙe a baya.

"Gwaggo, Iya ta faɗi wani abu?"

"Fitila da tsumma."

"Fitila?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni na ɗauka wata addu'a take tofa mata. Wallahi da na zo ta koya mini." Ya jingina da bango. "Yau ma sun kira ni. Na bar fasinja a tasha na je na ɗauko ta. In na sake yi, ni ma sallamata za a yi, mu zauna gida mu biyu muna kallon juna."

Ranar Talata Iya ta tashi da ɗan ƙarfi, har ta ce in buɗe taga.

"Maƙwabciya, buɗe akwatin ƙasa. Akwai takardu a cikin leda."

Takardu huɗu ne, duka da hatimin makaranta da sa hannun Shugaba. Takardun gargaɗi. Kowacce tana cewa an sha faɗa wa mai shara ta gama aikinta kafin yara su shiga aji, amma ana ganinta tana share baranda ana cikin darasi, abin da ke ɗauke hankalin ɗalibai. Wanda ya buga su bai iya aikinsa ba, layukan duk sun karkace.

"Me ya sa ba ki daina ba?"

"To ai ita ce."

"Ita ce me?"

"Sharar. Ƙararrawar nan ba ƙararta ce ke firgita yarinyar ba, zuwanta ba sallama ne. In saura minti biyar a kaɗa, ina ganin agogon ofis ta taga, sai in ɗauki tsintsiya in faro daga bakin famfo, in biyo baranda har ƙofar ajin da take ciki. Tana jin tsintsiya ta san abin yana tafe. Sai ta ajiye fensir ta toshe kunnuwanta. A kaɗa, a gama, ta buɗe. Sau huɗu a rana."

"Shekara uku?"

"Barandar nan ta fi ko'ina tsabta a duniya," in ji ta, ta yi dariya, dariyar ta zama tari.

Da ya lafa na ce, "Kin faɗa wa Shugaba?"

"In ce mata me? Mai shara ta san abin da malamai ba su sani ba? Ai da sun ce na fara zafin kai. Na karɓi takardata na ce za a gyara."

Na ji haushi, kuma ba na ɓoyewa. Haushin Shugaba, haushin Iya ma. Amma aikina rubutu ne, na rubuta.

Iya ta rufe ido, hannunta na dama yana motsi a kan bargo, yana zuwa yana dawowa.

"Akwai saura abu ɗaya," ta ce. "In na kai ƙofar ina yin wani abu. Hannuna ya sani, kaina ya manta. Bari in huta, zai zo."

Bai zo ba. Ranar Laraba da azahar ina ba ta ruwa, ta kauda kai daga cokalin, ta ja numfashi biyu masu nisa a tsakani, na uku bai biyo ba. Na jira shi har na gaji da jira. Na ajiye kofin, na shafe mata ido, na gyara bargon, na kira 'yarta a waya. Kafin rana ta faɗi an kai ta. Mutanen gidan sun fito, da wasu malamai biyu, da Shugaba a can bayan mata. Auta tana zaune a matakala tana jera marafan kwalba bisa girmansu, ba wanda ya san ko ta gane.

Da safen Alhamis na fito da tafiretata daga ƙarƙashin gado, na buga maganar Iya shafi ɗaya da rabi, ban ƙara ban rage ba. Na haɗa da takardun gargaɗin guda huɗu, na bi Direba zuwa makarantar.

Mutum biyar ne a kwamitin. Wani mai tabarau ya karanta takardata, ya juya bayanta ko akwai ƙari.

"Wannan ba rahoton ƙwararre ba ne," ya ce. "Wa ya sa hannu?"

"Mai maganar ta rasu jiya," na ce.

"Allah ya jiƙanta. Amma ba za mu gina tsarin tallafa wa yarinya a kan tsintsiya ba. Ga malami da ciwo a hannu, ga iyayen sauran yara suna ƙorafi."

Direba yana gefe yana murza hularsa. Shugaba ta jawo takardun gargaɗin gabanta, ta daɗe tana kallon sa hannunta.

"Shekara uku a kan tsintsiyar muke," ta ce. "Ba mu sani ba ne, har muna hukunta ta. Ku ba ni gobe kawai. In ta yi ihu gobe, ni da kaina zan rubuta takardar sallama."

Suka ba ta goben, ba don sun yarda ba, don lokacin shan shayinsu ya yi.

Sabon mai sharar wani dattijo ne mai ƙwazo, wanda kan gama aikinsa tas kafin yaro na farko ya shigo. Ba ya karatu, don haka Shugaba ta roƙe ni in zo in karanta masa. Na karanta masa a bakin famfo ranar Juma'a da safe. Ya saurara, ya dubi barandar da ya riga ya share.

"Hajiya, wurin nan fa ko ƙura babu."

"Haka za ka share shi."

"To. Ni dai an ce in yi."

An kashe doguwar fitilar, an cusa tsumma a ƙafar tebur. Na tsaya a gefen tagar aji uku inda zan ga ciki, Shugaba a bayana, Direba can bakin ƙofar makaranta, ya kasa shigowa ya kasa tafiya. Saura minti biyar dattijon ya faro daga famfo. Shap, shap, shap.

Auta ta ɗaga kai. Ta ajiye fensir. Hannuwanta suka taso zuwa kafaɗa, suka tsaya a nan.

Dattijon ya iso ƙofar ajin, ya tsaya, ya dube ni, don a nan takardata ta ƙare. Auta tana kallon ƙofar. Ta fara kaɗa jiki gaba da baya, wani ƙaramin sauti yana fita daga maƙogwaronta. Malamin ya matsa baya da hannunsa mai bandeji. A agogon ofis saura minti ɗaya.

Sai yarinyar ta miƙe. Ta ratsa tsakanin tebura ba ta taɓa kowa ba, ta fito bakin ƙofa, ta kama sandar tsintsiyar a ƙasan hannun dattijon ba tare da ta dube shi ba. Ta buga gindin tsintsiyar a jikin ƙyauren sau biyu, ƙwan, ƙwan, yadda mai shara ke kakkaɓe ƙura in ya gama. Ta sakar masa ita, ta koma mazauninta, ta toshe kunnuwa ta runtse ido.

Aka kaɗa. Yara suka ɓarke da hayaniya suka yi waje, suna kewaye dattijon da ke tsaye riƙe da tsintsiya. Shugaba ta juya ta fuskanci bango. Ni na ciro biro, na ƙara layi ɗaya a ƙasan shafin da hannu.

A cikin ajin da ya zama wayam, Auta ta sauke hannuwanta ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki fensir ta ci gaba daga inda ta tsaya.