Ruwan Tsohuwar Tsaga

Malam Inuwa yana biye da ma'aikacin ruwa cikin gonarsa ta bayan Toranke, rana ta take, a shekarar farin nan da ya ƙafar da rijiyoyin gari. Ma'aikacin, Musbahu, mutumin Gaya ne da ya yi karatun duwatsu a Zariya. Idan bai sami inda za a haƙa rijiya ba, Inuwa zai kwashe iyalinsa su bi masu ƙaura zuwa Kano.

Musbahu ya tsaya, ya nuna wasu itatuwan kanya da suka jeru kore shar, alhali kome ya bushe.

"Baba, ƙarƙashin yashin nan dutse ne, kuma ya taɓa tsagewa tun duniya ba kowa. Duk sa'ad da ƙasa ta sake motsi, tsohon tabon take bi. A wasu wurare, ta irinsa narkakken dutse ya ɓullo da wuta. Nan kuwa ruwa ne ya kwanta a ciki."

Inuwa ya lumshe ido. Sai ya ga gonar ta koma tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, wuta tana tafiya sannu a hankali cikin ɗinkin, ta huce, ruwa ya biyo sawunta yana sheƙi. Har ya ji sanyinsa a tafin ƙafa.

"To, ina za a sa diga?"

Musbahu ya taka har kan jerin gamba, ya buga ƙafa. Gambar nan ita ce iyaka tsakanin Inuwa da ƙanensa Maiwada. Tun ranar rabon gadon mahaifinsu ba su sake gaisawa ba.

"Ɗana, ba a ɗan matso da rijiyar cikin gonata?"

Musbahu ya yi dariya. "Baba, ai tsagar ba ta san da rabon gado ba. In ka matsa, dutse za ka yi ta sara har damina."

Inuwa ya duba ƙetare. Maiwada yana zaune gindin kanya, wai awakinsa yake kallo. Gemunsa ya yi fari fat, irin na mahaifinsu.

Inuwa ya daɗe a tsaye. Can ya gyara hularsa, ya ɗaga ƙafa, ya ƙetare gambar.

"Maiwada, kana da diga a gida?"

Maiwada bai ɗago kai ba.

"Akwai, Yaya. Ta Baba ce."