Ranar da Na Ƙi Amsa wa Mma Fusae Waƙa

Ni Suweiba, da ko a bikin ƙanwata a unguwarmu Nima, can Accra, ban buɗe baki na yi waƙa ba, sai ga ni da shekara hamsin da biyu ina rera waƙoƙin Japan a unguwar Riverdale ta New York, da cokali a hannu. Aiki ne ya jawo. Kamfanin da ke tura mu kula da tsofaffi a gidajensu ne ya haɗa ni da wata 'yar Japan, Mma Fusae, a farkon 2016. Shekararta tamanin da huɗu, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo yana can Denver, ga ciwon mantuwa ya fara cin ta. Awa goma nake yi da ita kullum, sannan in hau bas in koma masaukina a Mount Hope.

Satin farko abinci ya gagara. In kawo cokali, ta kau da kai. Ran nan ina goge ƙura na taɓa wata na'ura a ƙarƙashin talabijin, kiɗa ya tashi, sai na ji muryarta a bayana tana bin waƙar, zaƙwai, ba ko gargada. Ashe shekara talatin ta yi tana riƙe da gidan karaoke a Manhattan, inda mutanensu ke zuwa bayan aiki su karɓi makirfo su yi ta rerawa.

Ita ta koya mini wasan da suke yi a can, wai shi shiritori. Mutum zai ɗauko waƙa ya tsaya inda ya ga dama, na biye da shi ya kawo wata waƙar da ta fara da gaɓar da aka tsaya a kai. In ta ƙare da “ka”, dole in fara da “ka”. Wanda ya rasa ya faɗi. Tsakanin waƙa da waƙa, tana dariya tana jiran amsata, nan nake zura mata shinkafa. Na sayi littafin rubutu, kowace gaɓa na ba ta shafinta, ina rubuta waƙoƙin yadda kunnena ya ji su, ma'anarsu kuwa oho. Shafin “sa” ya fi kowanne cika, waƙa goma sha ɗaya. Shafin “ru” ɗaya tak, kuma muguwar tsohuwar nan ta sani, can take kora ni kullum ta tafa hannu ta ce, “Suwe-san ta faɗi!” Suwe-san take kirana, irin kiran girmamawa na ƙasarsu. Ta manta sunan ɗanta sau da yawa, amma ba ta taɓa manta inda nake da rauni ba.

Cikin watan Satumba aka aiko cewa nas daga kamfanin inshora za ta zo ta duba ta, don a san awa nawa take bukata. To ni abin da na sani, baƙo zai zo gida. Na yi sammako. Na yi mata wanka, na taje mata kai, na sa mata rigarta mai ruwan toka da ɗan kunne. Zanin gadon da ta jiƙa na wanke na shanya a banɗaki, kwalin kunzugun manya na tura can ƙarshen kabad.

Nas ɗin yarinya ce, ba ta fi sa'ar 'yata ba. Ta buɗe kwamfuta ta fara: yau wace rana, wane wata, me kika ci da safe. Mma Fusae ta hau murza gefen riga, kunnuwanta sun yi ja. Raina ya ɓaci. Haba, tsohuwa a cikin ɗakinta, a titsiye ta kamar 'yar firamare? Sai na ɗauko waƙa ƙasa-ƙasa na tsaya a “ki”. Ta cafe. Muka yi ta yi wajen minti ashirin, ta kayar da ni, ta juya ta yi wa nas bayanin wasan da Turanci tsaf, har da sunan titin da gidan karaokenta yake.

Nas ta ce, “Kai, Madam, ƙwaƙwalwarki ta fi tawa!” Sannan ta dube ni, a gaban tsohuwar, ta ce, “Tana yin fitsarin kwance? Tana iya wanka da kanta?”

Na ce, “Lafiyarta lau. Ɗan taimako kawai nake yi mata.”

Me zan ce? A gidanmu, ko kakata da ta shekara biyu a kwance, in an zo gaisuwa cewa ake jiki da sauƙi.

Bayan sati uku takarda ta zo: awa huɗu a rana. Na kai wa Hasiya, 'yar Kumasi da muke haya ɗaki ɗaya, wadda ta shekara goma sha biyar a aikin nan. Ta karanta, ta ajiye, ta dafe kai.

“Ei, 'yar'uwa! Wanka kika yi mata? Har da ɗan kunne? Nan ba zangonmu na Ghana ba ne. Abin da suka gani shi suke rubutawa. Kin rufa mata asiri, kin kwashe mata awa shida.”

Na yi faɗa, na ce ita ce Amurka ta cinye wa kunya. Amma maganarta ta tsaya mini a rai.

Sha biyun rana nake tashi daga aiki yanzu. In ajiye mata abinci a tebur, washegari in tarar da shi yadda na bar shi. Ta rame, zobenta ya fara zamewa. Wata Laraba mai gadin ginin ya tsinto ta a bakin titi da silifas ɗaya, cikin sanyi, wai za ta je ta buɗe shago. Ɗanta ya kira ni. Ya ce ya nemi a sake dubawa, an sa ranar Litinin. In ba a maido da awannin ba, gidan tsofaffi zai kai ta, ba shi da yadda zai yi. Matar da ke gaishe da hoton mijinta a bangon falon nan kowace safiya!

Hasiya ta ce, “Ran Litinin kada ki taɓa komai. Kada ki yi waƙa. Abin da aka tambaye ki, ki faɗa.”

Ranar na shiga da takwas, warin ɗakin ya tare ni. Na bar shi. Ta miƙo hannu in ɗaga ta zuwa banɗaki, na ce ta ɗan jira. Awa biyu na zauna a kicin ina kallon agogo, ina jin ƙyamar kaina.

Wata nas ce ta zo, babba, mai tabarau. Yau wace rana? Wa ye wannan a hoto? Mma Fusae ta ja bargo ta rufe jiƙaƙƙiyar rigarta, ta waiwayo tana nemana. Sai ta ɗauko waƙa, ta tsaya a “sa”. Ba “ru” ba. Ta ba ni mafi sauƙi, don kada in rasa. Waƙoƙin nan goma sha ɗaya suka taso mini a maƙogwaro, na haɗiye su, na sunkuyar da kai. Ta maimaita: “Sa.” Ta sake, a hankali. Nas tana ta bugawa a kwamfuta.

Sannan aka zo kaina, na faɗi komai. Fitsarin, da kashin, da ranar da ta sa takalmi a firji, da bakin titi. Da Turanci na faɗa, a gabanta, tana ji.

Nas ta rufe kwamfuta ta ce, “Wannan ai ko awa goma ta yi mata kaɗan. Yau zan tura, kada ki damu. Kin kyauta.”

Tana fita na ruga na tara ruwan ɗumi, na ɗauko tawul da sabulu, hawaye na zuba. Na durƙusa gabanta na ce, “Mma, taso mu yi wanka. Ki yafe mini.”

Ta ƙanƙame bargon a ƙirjinta. Ta ɗan rusunar da kai, irin gaisuwar da take yi wa baƙi, ta ce cikin ladabi:

“Na gode, Madam, amma ki bari. Zan jira Suwe-san. Ita ba ta barina haka.”