Kanari a Sahun Baya

Muryar Kanari ta tsage ne a daidai tsakiyar "Amin", kamar tsohon wando a wurin tsalle. Yaran sahun gaba suka toshe baki, wata yarinya kuwa dariyar ta ƙwace mata ta hanci. Malama mai koya musu waƙa ta ɗaga hannuwa daga kan fiyano, ta juyo.

"Wa ya shigo mana da zakara cikin majami'a?"

Kanari ya yi tari, ya shafa maƙogwaro. "Mura ce, Malama."

Tun yana ƙarami ake kiransa Kanari saboda zaƙin muryarsa, har wasu sun manta sunansa na yanka. Duk dogon hutu, majami'a takan tara yara da matasa a wata makarantar kwana da ɗalibanta suka tafi gida, a koya musu waƙoƙi, ranar Lahadin rufewa iyaye su zo su saurara. Amin ɗin ƙarshe kuma, wanda ke haurawa sama shi kaɗai bayan kowa ya yi shiru, na Kanari ne, ba a ma tambaya. Aibinsa ɗaya, ba ya jiran hannun Malama ya sauka. Kullum sai ya riga kowa faɗawa cikin baiti, Malama ta yi faɗa har ta gaji.

Ba dariyar yara ce ta hana shi sukuni ba. Kakarsa ce, wadda idanunta suka daɗe da rufewa, ƙafafu ma suka fara ƙi, ba ta fita ko'ina sai wannan Lahadin. Takan ce masa, "Ni ba na ganinka, maigida, amma ko mutum nawa suka buɗe baki ina gane ka." Yanzu da me za ta gane shi?

Ya kasa zama wuri ɗaya. Ya zagaya bayan tankin ruwa ya gwada Amin ɗin, muryar ta fito da ƙyar, ya sake gwadawa, ta karye. Ya shiga banɗaki, inda bango ke ƙara wa murya kyau, nan ma ta kunyata shi. Daga can ya nufi ɗakin girki ya roƙi ruwan ɗumi da zuma. Mai girkin ta miƙa masa kofi, ta tsaya tana kallon saman leɓensa.

"Murar nan taka mai ƙarfi ce, ɗana. Har gashin baki ta fara fito maka da shi."

Bai yi dariya ba. Ya shanye, ya ajiye kofin, ya fita ko godiya babu.

Washegari ya ɓullo da dabara. Ya tsaya a wurinsa na sahun gaba yana buɗe baki yana rufewa tare da kowa, har da lumshe ido, amma ba abin da ke fita. Ya manta da halin Malama. Idan waƙa ba ta yi mata ba, barin fiyano take yi ta bi sahu a hankali, kunnenta dab da bakin kowane yaro. Da ta zo kansa ta daɗe a tsaye.

"Yau ba wanda ya riga ni shiga," in ji ta. "Kowa ya tafi cin abinci. Kanari, tsaya."

Ta koma kan fiyano, ta danna maɓallin Amin ɗinsa. Ya miƙa wuya ya bi, ya faɗo. Ta matsa hagu ta danna wani, ta ƙara matsawa, tana gangarawa yana biye, har suka isa inda bai taɓa zuwa ba. Can wata murya ta fito daga ƙirjinsa, mai kauri, mai rawa, shi kansa sai da ya tsorata.

"Ga ka nan," Malama ta ce. "Ba mura ba ce, muryarka ce take buɗewa."

"Kafin Lahadi za ta koma?"

"Ba ta komawa, ɗana. Ƙaramar nan ta gefenka za ta ɗauki Amin. Kai ka koma sahun baya wurin yayyenka."

"Malama, kakata ba za ta san ina nan ba."

Malama ta rufe murfin fiyano a hankali. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta da wata murya a aljihu da za ta ba shi. "Ka gaya mata kafin a fara," abin da ta iya cewa ke nan.

Bai samu gaya mata ba. Ranar Lahadi motar da ta ɗauko ta ta makara, sai da mawaƙa suka jeru sannan aka shigo da ita riƙe da hannu, aka zaunar da ita a benci na gaba. Daga sahun baya, tsakanin kafaɗun ƙattai, Kanari yana hango ɗankwalinta. Ya rera abin da aka koya masa, gumi na bin bayansa. Da aka zo ƙarshe kowa ya yi shiru, ƙaramar yarinyar ta ɗaga Amin ɗin tas, ba ko gargada. Ya ga Kaka ta karkata kai tana saurare. Ya ji kamar ya nutse.

Bayan an tashi ya daɗe yana kewaya benci kafin ya durƙusa a gabanta. Bai ce uffan ba, don kada ta ji muryar.

Ta lalubo kansa ta dafa. "Maigida, yau kuma can baya aka jefa ka?"

"Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Kowane baiti sai na ji wani ƙato ya riga jama'a faɗawa ciki. Na ce to, ga nawa can."

Ya ɗago yana kallonta. "Ashe ba zaƙin muryata kike ganewa ba?"

"Zaƙi? Masu zaƙin murya ai sun cika majami'ar nan, ga 'yar mutane ma yau ta yi abin kirki. Azarɓaɓin nan ne naka kai kaɗai. Tashe ni, ƙafata ta yi tsami."

Ya kama hannunta ya ja, tun ba ta gama magana ba.

"Ka gani ko?" Ta daki bayan hannunsa. "Tsaya in sa takalmi."

Ya tsaya. Tana laluben takalmin da ƙafa a ƙarƙashin benci, shi kuwa yana riƙe da hannunta, yana jira.