Fatar Kifi a Hannun Inna

Nas ta fara warware bandejin, Inna mai kifi ta kau da kai wajen taga.

"Ke Mai Bokiti, duba min. Ni ba zan iya ba."

Mai Bokiti ta matso. A kasuwa ta samo sunan nan, don kullum sai ta je rumfar Inna da farin bokiti ta kwashi fatar kifin da ake zubarwa. A ɗakin gwajin asibitin, inda take aiki, take wanke ta, ta jiƙa, ta tace, har ta fitar da kolajin, sinadarin da ke riƙe fatar jiki. Shi take busarwa falle-falle, a shimfiɗa kan ƙuna don sabuwar fata ta samu abin bi. Inna kuwa ba irin tsiyar da ba ta yi mata ba: "Duk bokon nan, a bola ya ƙare!"

Sai ga shi tafasasshen mai ya kwaro wa Inna a hannun dama. Likita ya ce in fallen bai kama ba, sai an yanko fata daga cinyarta, kuma da wuya yatsun su sake lanƙwasuwa. Matar da wuƙa ce abincinta! Da aka nemi yardarta, cewa ta yi, "Ƙarni dai ba baƙona ba ne. Ku liƙa."

Bandejin ya faɗa cikin tasa. Likita ya sunkuya, ya daɗe yana duba hannun, har Mai Bokiti ta ji kamar ta shaƙe shi.

"Ya kama," in ji shi. "Gefen babban yatsa ne kawai da saura."

Hawaye suka zubo wa Mai Bokiti, ita da sai a kwalba ta saba ganin aikinta.

Inna ta juyo a hankali. Ta kai hannun hanci ta shinshina, sannan ta ɗan lanƙwasa yatsun kamar mai riƙe wuƙa. Ta cije leɓe don zafi, ta sake gwadawa.

"Wa ke feɗe miki kifin yanzu?" in ji Inna.

"Ƙanenki, Inna."

"Wannan? Yayyaga fata kawai ya iya. Allah Ya sa ba tasa kuka liƙa min ba."

"Taki ce, Inna. Da hannun nan kika cire ta."

Inna ta daɗe tana kallon hannun.

"Shi ya sa ya kama," ta ce. "Ki wanke bokitinki, ina nan tafe."