Kwamfuta a Cikin Adaka

Hajiya Amira ta Dukawuya ba ta bar ni na tafi da kaset ɗin kamun 'yarta ba sai da ta sa na yi alkawari, cewa idon namiji ba zai sauka a kansa ba, ko da mijina ne. Gidansu gidan Larabawan cikin gari ne, matansu ko hoton fasfo sai an yi da gaske. Ranar kamun kuwa ƙofa suka rufe, suka tuɓe mayafai suka cashe, ni kaɗai ce riƙe da kyamara.

To ɗauka ba ita ce wahalar ba, haɗawar ce. Lokacin nan sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa a Kano ya zama ɗan fim, amma duk shagunan da ake tace bidiyo maza ne cike. Kwamfutata ta gida kuwa, ki ɗora mata bidiyo ta tsaya tana kallonki kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. Ni Luba ban yi makarantar kwamfuta don in zauna ina lallashin injin ba.

Na tasa Mikail mijina a gaba muka tafi Beirut Road, wajen wani Ashafa mai kayan gwanjo. Na ce madabod nake so, wato allon da komai na kwamfuta ke hawa kansa, amma irin na manyan injinan banki, mai cin furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar injin. Ya dubi Mikail, Mikail ya nuna masa ni da haɓa. Ya zaro guda uku daga ƙarƙashin kanta. Ɗaya ya ƙone a gefe, ɗaya furosesoshinsa ba tagwaye ba ne, ko lambarsu ba ta zo ɗaya ba, na ture su. Na ukun na sa aka kunna a gabana, fankokinsa suka ɗauki ƙugi, na ce a naɗe.

Ashafa ya yi 'yar dariya ya ce wannan allon ba ya shiga gidan kwamfuta irin namu, wato akwatin da ake sa shi ciki, nasa gidan sai Legas. Wai in kawo kaset ɗin shagonsa yaransa su haɗa mini, ba wanda zai sani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ni zan sani.

Gaskiyarsa fa, da muka koma gida Koki allon ya ƙi shiga, ya yi wa gidan yawa ta ko'ina. Na zauna ina hararsa, har idona ya faɗa kan adakar marigayiya Innata, ta ƙarfe mai zanen furanni, wadda ta zo da ita gidan aure. Na kwashe zannuwan ciki na ninke a gado. Mikail ya kai ta wajen maƙeri aka huda mata ƙofofin iska, na shimfiɗa katako a ƙasanta, na ɗaure allon a kai. Da na kunna, uwar mijina ta leƙo tana tambaya ko injin markaɗe na sayo, ta kawo tattasai. NEPA ta yi halinta, janareto ya yi nasa, aikin dai ya tafi kamar an sa masa mai. Duk lokacin da zan buɗe kaset ɗin sai in kori Mikail zaure, yana mita yana tafiya.

Kafin in gama aka yi wa Hajiya Amira rasuwa, mahaifiyarta Hajiya 'Yardada. Sai bayan arba'in na kai mata aikin.

Mata kaɗai ne a ɗakin da aka saka kaset ɗin. Ana cikin kallo sai ga marigayiyar a bidiyon ta shigo fili, ɗankwali ya zame, furfura a waje, tana juyi tana tsokanar jikarta amarya. Ni ban yanke ko taƙi a wurin ba. Ashe tsohuwar ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, nan ne kawai take.

Hajiya Amira ta share ido, ta juyo gare ni.

"Luba, tsakaninki da Allah, wa ya ga Innata haka?"

Na ce, "Daga ni sai adakar tawa Innar."

Ta riƙe hannuna ba ta saki ba, ta ce da 'yarta ta mayar da kaset ɗin baya.