Shuni a Kuncin Zalika

"Ba inda za ta," in ji Balki, tana gyara ɗaurin kallabi, don lokacin lakwal, makarantar boko, ya yi.

Mijinta Attahir ya tare ƙofa. "Motar soja na kwasar mutanen arewa zuwa zango, bayan gari. Ki ce wa matar nan ta naɗe tabarmarta. Kin duba buhun hatsi kuwa?"

"Na duba. Ƙyanda na cin mutane a zangon."

Matar nan ita ce Lalla, ɗaya daga cikin mutanen arewan. Fari ya cinye awakinta, ta binne jaririnta a hanyar Takanamat, ta iso Tawa da ƙwarya ɗaya. Balki ta tsince ta a bakin lakwal ɗin da take koyarwa, ta ba ta fura, sannan kwanan zaure. Da gudu tsakanin aji da layin famfo ya yi wa Balki yawa, sai ta miƙa wa Lalla goyon ɗiyarta Zalika.

Nan ciwon ya fara. Kullum ta dawo da ƙurar alli a hannu, sai ta iske kuncin yarinyar ya yi shuni daga zanen Lalla. Ta wanke da sabulu har Zalika ta yi kuka, washegari shunin ya dawo. In yarinyar ta faɗi, sai ta wuce ƙafafun Balki da rarrafe, ta nufi zaure.

"Madam mai boko," in ji Attahir, har yanzu yana tare da ƙofar, yana murmushi, "ke kika haifa, wata ta samu. Jiya mi ta kira ta?"

"Anna."

"Da yarensu uwa ke nan, ko ba a koya muku ba? Ke fa, mi take ce miki?"

Ta taga Balki tana hango Lalla na jijjiga yarinyar, tana yi mata waƙar da ita ba ta jin ko kalma ɗaya. Kalma guda daga bakinta ta isa, motar ta ɗauke mata wannan duka.

"Daga kwanona za ta ci," ta ce. "Matsa in wuce."

Lalla ta zauna har damina biyu. Balki ta rame, Attahir ya daɗe bai sake mata fuska ba. Zalika kuwa ta tashi tana kiran Lalla Anna, uwar da ta haife ta tana ce mata Madam, kamar sauran 'yan aji.