Gam a Bakin Ciwo

Akwai wani irin taurin kai da ke kama mai sana'a idan hannunsa ya faɗa: sai ya ɗauka duk abin da ya ɓaci a duniya da kayan aikinsa ake gyarawa. Shi ya kama wani mai gyaran takalmi. Wansa kuwa, tela, wanda bango ɗaya ya raba shagunansu, shi ya sha takaicin abin tun daga farko har ƙarshe.

Wata safiya yana ɗinke wani tsohon takalmi da aka sha taka kwata da shi, basilla ta zame ta shige masa manunin hannun hagu, yatsan da yake danne fata da jan zare. Tela ya ji ƙararsa ya leƙo.

“Tashi ka wanke da sabulu, Auta, mu je a duba.”

“Yaya, na haura hamsin fa. Ka daina ce mini Auta a gaban mutane.”

“In ka yi hankali na daina. Tashi.”

Bai tashi ba. Ya goge jinin da tsumman da yake goge takalmi, ya jawo gwangwanin gam, ya ɗiga a bakin hujin, ya matse, ya hura.

“Tafin takalmi ma gam ɗin nan yana riƙe shi shekara ana takawa,” in ji shi, “balle ɗan hujin nan.”

Tela ya koma kan kekensa yana taka shi kamar keken ne ya yi masa laifi.

Ba a daɗe ba yatsa ya kumbura ya yi jawur, yana ƙyalli, yana zafi kamar an ciro shi daga wuta. Zogi ya hana shi riƙe komai. Wani jan layi ya miƙe ta dantse, kaluluwa ta fito a hammata, zazzaɓi ya rufe shi. A nan tela bai nemi shawararsa ba. Ya kulle shagunan biyu, ya tasa shi gaba sai asibiti.

Likita, wata mace da ba ta ɗaga murya, ta ɓamɓare gam ɗin ta dube su.

“Wa ya sa wannan?”

“Gwani ne,” in ji tela. “Ga shi zaune.”

Ta yi musu bayani dalla-dalla. Akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, wasu a kan fatar mutum suke, wasu a ƙazantar takalmin. Basilla ta tura su ciki, gam ya rufe musu ƙofa, suka samu ɗumi da nama suka hayayyafa. Ta kashe wurin da allura, ta tsaga, mugunya ta yi ta zuba har tela ya kau da kai. Ta wanke, ta cusa ƙyallen magani, ta naɗe.

“Ban ɗinke ba, da gangan,” ta ce. “Daga ciki zai warko, sauran mugunyar ta nan za ta fita. Ka riƙa zuwa wankin ciwon. Maganin nan kuma ka shanye shi duka, ko da ka ji sauƙi.”

Tun a hanya ƙanen ya fara mita.

“Yaya, wannan ai rabin aiki ne. Ni na miƙa wa mutum takalmi baki buɗe haka, ba jifana zai yi da shi ba?”

“Kai takalmi ne? Ka yi abin da aka ce, don Allah, kada ka sa mini hawan jini.”

Ya je wanki da farko, don tela na binsa har ƙofa. Da kumburi ya saɓe, zogi ya lafa, sai ya ce ya gane hanya, a bar shi ya tafi shi kaɗai. Tela ga ɗinkin mutane ya taru masa, ya yarda.

Wari ne ya tona asiri. Tela ya shiga aron almakashi, ya tsaya, ya ja hanci. Ya kamo hannun ƙanen da ƙarfi ya warware ƙyallen. Bakin ciwon nan a haɗe tsaf, gefe da gefe, an shafe shi da gam sumul. Ƙarƙashinsa yatsa ya yi baƙi-baƙi. Maganin kuwa yana cikin akwatin ƙusoshi, ko rabi ba a sha ba.

“Ciwo ya tafi, wa zan sha wa?” in ji ƙanen, murya ƙasa-ƙasa. “Kuma dubi yadda ya haɗu da kyau.”

Tela ya jefar da ƙyallen. Ya ce kawai, “Sa takalminka.”

Wannan karon likita ta sa aka ɗauki hoton hannun. Cutar ta ci nama ta kai ƙashi. Aka kwantar da shi, aka yi ta ɗura masa magani ta jijiya don kada ta shiga jini, sannan aka shiga da shi ɗakin tiyata.

Ya fito da ransa. Manuni ya tafi daga tushe. Yatsan tsakiya ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Ɗinkin hannu, wanda saboda shi ake tsallake shaguna a zo wurinsa, ya ƙare. Masu kawo takalma masu tsada sun koma wani wuri. Abin da ya rage masa wankin takalma da gogewa, da ɗan benci a ƙofar shagon wansa, domin nasa shagon wani ne a ciki yanzu.